Ihrami Ba Shi da Aljihu

'Ya'yan ƙanwata sun ce aikina ɗaga hannu ne kawai. Ranar nan muna zaune a ƙofar gida a unguwar Hindawiyya, babbansu ya miƙe yana kwaikwayona, yana kaɗa hannu yana cewa "yalla, yalla, gaba," sauran suna dariya har da riƙe ciki. Ban ji haushi ba, don wallahi ya iya, har ɗan karkata wuyan da nake yi bai bari ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, yaran nan a Makka aka haife su, sun tashi suna ganin filayen ajiye motoci a bakin gari, amma ko sau ɗaya ba su taɓa tambayar yadda ake yi motoci su cika fili maƙil da safe, kuma kowa ya fita da tasa da yamma ba. To bari in faɗa muku, ku da ire-irenku.

Idan azumi ya kama, ba a barin motar baƙo ta kusanci Harami. Wanda ya taso daga Riyad ko Jidda ko Madina zai yi Umra, tun daga bakin gari 'yan murur, wato masu kula da hanya, za su karkata shi zuwa wani babban fili. Nan zai ajiye motarsa ya hau bas, bas ta kai shi kusa da masallaci, in ya gama ta dawo da shi. Filayen suna da yawa, kowanne da basa-basansa da tasharsa. Mu muna ce wa filin maukif. Ni a na bakin hanyar Jidda na yi yawancin shekaruna, bayan na gaji da tuƙin tasi.

Ranar da na fara, aka haɗa ni da wani dattijo, Baba Idi, mutumin unguwar Jarwal ta nan Makka, wanda kakansa ya zo aikin Hajji da ƙafa bai koma ba. Aka ba ni riga mai ƙyalli, da usur, da sandar roba mai wuta. Baba Idi ya karɓe usur ɗin da sandar ya zuba a aljihunsa, ya ce, "Waɗannan sai ka iya kallo tukuna." Ya tsayar da ni a gindin wani turken fitila ya ce in zuba wa mutane ido yadda suke fitowa daga mota, kada in ce wa kowa komai. Ni da na yi shekaru ina tuƙi a lungunan Makka, na ɗauka raini ne. Haka na yini a tsaye kamar wanda aka dasa, kwalta tana cin tafin ƙafata ta cikin takalmi. Da yamma ya tambaye ni me na gani, na ce mutane na gani. Ya ce gobe ma in koma gindin turken.

Sai a hankali idona ya buɗe. Na lura mutum in ya fito daga mota zai nufi Ka'aba, ba ya waiwaye. Hankalinsa ya riga jikinsa tafiya. Yana talbiyya, yana gyara mayafin kafaɗa, yana ƙirga yara, yana neman inda bas take, amma bai kalli lambar da ke jikin turke ba, ga ta kuwa ƙatuwa an rubuta da Larabci da boko. In ma ya so ya yi wa motarsa alama, sai ya yi da abin da ke tafiya. Wani zai ce, "Kusa da wata jar mota na ajiye," jar motar kuwa ta kai Ɗa'ifa tuni. Wani zai ce a inuwa ya ajiye, ya manta inuwar safe ba ita ce ta la'asar ba. Da wayoyi masu hoto suka yawaita na ce an huta, ashe ba a huta ba: mutum zai tsaya ya ɗauki hoton motarsa tsaf, fara sol, ya dawo ya nuna maka ya ce, "Ka ga wannan?" Na gan ta mana, ya shehi, ga 'yan'uwanta nan cike da fili.

Jera motar ma da kuke rainawa, ba a yin ta da ka. Babbar mota mai iyali, wadda za ka ga an ɗaure katifu da kuloli a samanta, ba ka matse ta a tsakiyar layi, don in ƙofofinta suka buɗe sai an sauke keken tsohuwa da na jariri. Mutumin Jidda kullum sauri yake, zai ce maka yanzun nan zai dawo, ka bar shi a bakin ƙofa, kuma shi ne za ka gani bayan an sha ruwa yana tafe yana sakace haƙori. Wanda ya kwana yana tuƙi daga gabas, idonsa ja, kada ka busa masa usur a kusa, zai taka mai a maimakon birki. Shi da tafin hannu ake yi masa magana, a hankali. Wanda ka ga tsoho a kujerar gaba, ka kai shi kusa da tashar bas ko da layin ya kusa cika, ka toshe kunne da surutun na bayansa. Kayan aikin kuwa, ban da usur da robobin tare hanya, babu kamar takalmi mai kaurin ƙasa da jiƙaƙƙen rawani a wuya. Sai jihaz, abin da 'yan Najeriya ke kira oba-oba, wanda muke magana da sauran filaye da shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina tun farko shi ne makulli. Namiji in ya ɗaura ihrami, zane biyu ne a jikinsa, babu ɗinki balle aljihu. Sai ya kulle mota ya tsaya da makulli a hannu yana waige-waige, kamar yau ya fara ganinsa. Na ga wanda ya ɗora shi a kan taya, na ga wanda ya cusa shi a bututun hayaƙi, na ga wanda ya ƙulle shi a bakin zane kamar yadda tsofaffinmu mata ke ƙulle goro. Masu shiri suna sayen ɗamara mai zip. Amma mafi yawa, jakar matar da suka zo da ita suke jefa shi, uwa ce ko mata ko 'ya. Baba Idi yakan ce in ka ga namiji ya miƙa wa mace makulli, ka dubi fuskokinsu da kyau, don akwai yiwuwar ɗaya zai dawo maka ba ɗaya. Ya kuma koya mini kada in taɓa barin kowa ya fasa gilashin mota don kawai yana sanye da ihrami yana rantsuwa tasa ce. Shi da kansa ya taɓa kama ɓarawo a cikin fararen zannuwa, har da carbi.

Shekarar annoba ita ce muguwar shekararmu. Aka rufe Umra, aka tsayar da basa-basai, aka ce kowa ya zauna a gida. Da aka ɗan sassauta fita na bi ta filinmu don in gani da idona. Ciyawa ta tsaga kwalta ta fito, kyanwoyi suna kwance a tsakiyar layukan da muke fama da mutane a kansu, robobinmu iska ta tara su a jikin shinge. Ban taɓa sanin filin yana da faɗi haka ba sai ranar. Abokan aiki suka watse, wasu suka koma ƙasashensu, wasu suka shiga kai saƙon abinci gida-gida, ni ma na yi ta ɗan lokaci. Baba Idi bai ga buɗewar ba, Allah ya jiƙansa. Da aka dawo, sai ga sababbin fuskoki a ko'ina. A da kowane fili ka kira za ka sami mai jin Hausa, yanzu daga ni sai Usmanu, wani Basakkwace da ke filin da ke gaba da namu, can wajen gari.

Wani azumi bayan an dawo, ana cikin zafin nan da ke sa ka ga kwalta tana rawa daga nesa, bas ta sauke mutane bayan azahar. Wani mutum ya diro tun ba ta gama tsayawa ba, ihraminsa ya zame daga kafaɗa, takalmi ƙafa ɗaya. Bai yi ɗimuwar neman mota ba, kai tsaye ya nufi wata ƙaramar fara da ke layin ƙarshe, jikin shingen da ya raba mu da babban titi. Ya zagaya ta, ya leƙa, ya sake zagayawa, ya ja ƙofa. Na bi shi ina tunanin maganar Baba Idi. Na yi masa sallama da Larabci, ya amsa da wani Larabci mai gargada, sai na ji ya ce ƙasa-ƙasa, "Innalillahi, Inna, ina kika shiga?"

Na ce, "Ɗan'uwa, yi mini Hausa. Me ya faru?"

Ya riƙe hannuna da hannu biyu. Sunansa Habibu, mutumin Damagaram, yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Yanbu. Ya daɗe yana tarin kuɗi har ya kawo mahaifiyarsa ziyara, wannan ne zuwanta na farko, ko kalma ɗaya ta Larabci ba ta ji sai ta salla. Mai gidansa ya ara masa mota. Da safe da suka iso ya kulle motar a gabanta, ya jefa makulli da katin shaidarsa a jakarta. Sun gama ɗawafi suna cikin sa'ayi aka kira azahar, masu gadi suka ware mata gefe guda, da aka sallame taro ya motsa, bai ƙara ganinta ba. Ya nema har ya gaji, sai ya tuna abin da ya gaya mata a hanya: in sun rabu, ta hau bas ta koma wurin mota.

Wannan shawarar ita ce ta fi kowace ba mu wahala, kuma kullum sai an ba wani ita. Bas ba ɗaya ba ce, fili ba ɗaya ba ne, kuma ga idon baƙo duk kamarsu ɗaya. Ban faɗa masa haka ba, don ya riga ya gane. Na ce, "Tana da jawwal?" Ya ce ya saya mata waya, lambarsa kaɗai ce a ciki. Na ce to ina tasa? Ya nuna mini cikin mota. Ga ta kuwa a kan kujera, jone da caja, ya manta ta saboda ɗokin fita. Na tambaye shi lambar tsohuwar, ya dafe kai, bai haddace ba. Muna tsaye sai wayar ta kama haske. Muka manna fuska a gilashi mu biyu, muna ganin an rubuta "Inna", tana ta ruri har ta katse. Ta sake kira, ta sake katsewa.

Sai ya nuna mini wani abu shuɗi a ramin ajiye kofi. "Ka ga wancan? Abin shaƙarta ne, asma gare ta. Na ce ta ɗauka, ta ce ita ba za ta karya azumi a gaban Ka'aba ba, in bar shi nan. In ƙura da hayaƙi suka taso mata, numfashinta sarƙewa yake." Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar bas da rana tsaka ya san abin da ake shaƙa a wurin. Magani yana nan ba makulli, makulli yana can a hannun mai ciwo, kuma ba wanda ya san ina ne can ɗin.

Na kira ɗan murur da ke ƙofarmu, wani saurayi mai haƙuri. Ya saurara, ya duba lambar motar, ya ce ba sunan Habibu ba ne a kanta, kuma Habibu ba shi da wata shaida a jikinsa. Ya ce zai nemi mai motar, in ya amince a buɗe. Ya buga, ba a ɗauka ba, azumi ne da rana, wa zai ɗauka? Ya sanar da abokan aikinsa na wajen Harami a duba wata tsohuwa 'yar Afirka da ta ɓata, ya kuma kira masu buɗe mota, suka ce suna cikin cunkoso. Ni kuma na ɗauki jihaz na bi filaye ɗaya bayan ɗaya. Ban ce a nemo tsohuwa mai baƙar abaya ba, don wannan neman banza ne. Na ce a duba mace ita kaɗai tana bin layi, hannunta a sama tana danna makulli. Duk wanda ya ɓatar da mota haka yake yi, yana tafe yana dannawa yana kasa kunne.

Amsoshi suka fara dawowa. Wani fili suka ce sun ga biyu, ɗaya 'yar Masar ce, ɗaya kuma ta riga ta sami tata. Usmanu ya ce, "Na bi layi-layi, wallahi ban ga wagga tsohuwa ba. Amma ina nan ina dubi." Wayar cikin mota ta yi ta kira, sannan ta daina. Wannan shirun ya fi kiran tayar da hankali. Habibu ya tsuguna ya miƙe, ya tsuguna ya miƙe, can sai na ga ya nufi gindin shinge ya ɗauko dutse. Na tare shi na ce, "Ko ka same ta a waya, me za ta ce maka? Za ta ce tana cikin fararen motoci." Ya ce, "Sai ta miƙa wa na kusa da ita. Baba, uwata ce fa." Gaskiyarsa ce, kuma na san gaskiyarsa ce. Na dubi ɗan murur, shi kuma ya kau da kai ya kama kallon wani wuri. Na saki hannun Habibu.

Ya ɗaga dutsen ke nan sai motar ta yi ƙyat-ƙyat, fitilunta suka ƙifta.

Dukanmu muka ja da baya. Na yi wuf na ja ƙofa, a kulle take gam. Habibu ya yar da dutse yana ihu, "Inna! Inna!" yana gudu tsakanin motoci. Ni ban motsa ba, don na san makulli ba ya jin nesa. Layinmu ba kowa, na bayansa ba kowa. Na ce to daga ina? Na juya na kalli shinge. A babban titi wata bas tana jan ciki cikin cunkoso, ta ɗan gota mu. Ba tamu ba ce, allon da ke gilashinta na filin su Usmanu ne. Motar ta sake yin ƙyat sau ɗaya, bas ta sami hanya ta wuce.

Na danna jihaz. "Usmanu, bas tana zuwa maka yanzu. Kada ka jira a sauko, ka shiga ciki, ka duba kujerun taga na hannun dama." Ya ce, "Cikin bas kuma? Mi za ta yi cikin bas?" Na ce shi dai ya shiga. Habibu ya dawo yana haki, na riƙe jihaz a tsakaninmu. Can sai muka ji muryar Usmanu yana Hausa da wata, sannan ya ce, "Ga ta nan! Ga ta nan da makulli manne ga taga. Amma ku yi hamzari, numfashinta ba shi da kyau."

Daga baya direban ya ba da labarin yadda aka yi. Tun bayan azahar ta hau motarsa. Da suka isa filinsu kowa ya sauka, ita ta leƙa, ta ga ba ta ga shingen da ta tuna ba, ta ƙi tashi. Ya yi mata magana ba ta ji, ya ɗauka sanyin mota take bi, ya ƙyale ta saboda tsufa. Ta koma Harami da shi, ta sake fitowa da shi, tana zaune a taga tana danna madannin nan guda da ta ga ɗanta ya danna da safe, na kullewa. Duk inda ta hango motoci a jere sai ta danna. Na daɗe a aikin nan, na ga dabarun ɓatattu iri-iri, ban taɓa ganin wanda ya nemi motarsa daga cikin bas ba.

Masu motar asibiti da ke filin su Usmanu sun so sa mata abin numfashi, ta ture, ta ce ita azumi take kuma ɗanta take nema. Ɗan murur ɗinmu bai tsaya wata magana ba, ya shiga motarsa ya kunna jiniya ya je ya ɗauko ta tare da Usmanu. Da suka iso, sai ga wata 'yar tsohuwa siririya, ƙirjinta yana fito kamar an matse usur, leɓɓanta sun bushe sun yi fari. Ta ga motar, ta miƙa hannu ta sake dannawa, motar ta yi ƙyat-ƙyat. Habibu ya zare makullin daga yatsunta da ƙyar, ya buɗe, ya ɗauko abin shaƙar ya kai bakinta.

Ta kau da kai ta dubi rana. La'asar ma ba ta yi ba.

Habibu ya durƙusa a kan kwaltar nan mai zafi da gwiwoyinsa tsirara. "Inna, don girman Allah. In ramuwar azumi ce zan taya ki, mu rama tare. Don Allah, Inna." Na ce, "Hajiya, Wanda kika zo ɗakinsa ya fi kowa sanin halin da kike ciki. Ki shaƙa." Ta dube ni, ta dubi ɗanta, ta buɗe baki. Muka zaunar da ita a kujerar baya, aka kunna mata sanyi, mu kuma muna tsaye a rana muna sauraron ƙirjinta. A hankali fiton ya ragu, kafaɗunta suka sauka, ta jingina kai ta ja numfashi mai tsawo. Usmanu ya ce alhamdulillahi da ƙarfi, ɗan murur ya share fuska da hularsa.

Habibu ya fara ba ta haƙuri, yana bayanin caja da kujera da yadda aka yi ya manta. Ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ta ce da wata siririyar murya, "Na kira ka, Habibu. Na kira ka, na kira ka, har wayar ta mutu a hannuna, ba ka amsa ba." Sannan ta ɗora tafinta a kan kujerar motar tana shafawa a hankali.

Ta ce, "Ita ce ta amsa mini."